Ƙasusuwan da ke cikin hamada, wa'azi ne a gare mu



Wasu iyaye sun tambayi kwamitin masallaci game da manyan dabbobin nan da yara ke gani a littafin makaranta, waɗanda ake kira dainoso: da gaske an yi su, ko tatsuniyar Turawa ce? Amsa ita ce an yi su. Kada mu ce wa yaro malaminsa ƙarya yake yi, alhali ƙasusuwan suna nan a maƙwabtanmu.

A Nijar, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, akwai wani wuri mai suna Gadafawa. Nan aka tono wata dabba da aka raɗa wa suna Nigersaurus a 1999. Tsawonta ya kai mita 9, haƙoranta sun haura 500, bakinta mai faɗi ne, tsirrai take ci. Akwai kuma Suchomimus, mai dogon baki irin na kada, abincinsa kifi. To, kifi a hamada? Ai wurin da yau babu ko ɗigon ruwa, a wancan zamani koguna ne da dazuzzuka. Wanda fatauci ya kai shi Yamai, ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa.

Masu bincike sun ce waɗannan biyun sun rayu ne fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Suka shuɗe, wasu iri suka gaje su. Na ƙarshensu kuwa sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 baya, lokacin da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. Ƙura ta rufe rana, sanyi ya sauko, tsirrai suka mutu. Masu cin tsirrai suka rasa abinci, masu cin nama suka bi su. Kusan kashi uku cikin huɗu na nau'in halittu ya tafi. Tsuntsaye suka tsira, da kada, da kunkuru, da wasu 'yan ƙananan dabbobi.

Mu wannan bai girgiza imaninmu ba. Suratul Ankabut, aya ta 20, ta umarce mu da yin tafiya a bayan ƙasa don mu lura da yadda halitta ta faro. Dutsen nan sababi ne, Mai iko da sababi shi ne Allah.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, ga abin lura: ƙato ya tafi, ɗan tsuntsu ya saura. Girma ba ya kare kowa. Mun ga yadda ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 ta ci gonaki da gidaje cikin 'yan kwanaki. Don haka kada yawan shaguna ya sa mu raina mai ƙaramin tebur, ko mu tauye mudu, ko mu jinkirta zakka. Idan yaro ya zo da tambaya, a zaunar da shi a faɗa masa gaskiya, a nuna masa ikon Mahalicci a cikinta.

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.

Sakataren masallaci