Awo guda ga kowa, shi ne adalci?

Ga wata magana da ta taso a shagon wani tela mai yara shida. Ɗaya cikinsu ya fi kowa iya ɗinki, layinsa ba ya karkata. Amma in an kunna rediyo sai ya toshe kunne, in an canza masa keke yininsa ya ɓaci ke nan. Gaisuwarsa kuma gajera ce: "Ina kwana." Ba ina gajiya, ba ina gida. Maigida ya hana rediyo da safe dominsa, ya bar masa keken bakin taga. Sauran yara suka ce an yi son kai.

To, an yi?

Irin wannan hali sau da yawa alama ce ta abin da likitoci ke kira otizim. Ba iskoki ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Da shi ake haihuwar mutum: ƙwaƙwalwarsa tana karɓar ƙara da haske da maganar mutane ta wata hanya daban. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943, bayan ya duba yara 11. A Turai, yaron da ba ya kallon idon babba sai a fara damuwa. Mu nan ladabi ne. Gajerar gaisuwa ce ba mu yafewa.

Masu ƙorafi ba su rasa hujja ba. Doka guda ita ke hana maigida fifita ɗan ƙanwarsa. Amma su dubi sana'arsu. Tela ba ya yanka wa dogo da gajere riga da awo guda, kuma ba wanda ya taɓa ce masa azzalumi. A ganina, abin da ya wajaba ya zama ɗaya shi ne lada, da mutunci, da kyawun aikin da ake nema. Rediyo da wurin zama ana iya gyara su. Nijar ma ta amince a 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce a yi wa ma'aikaci irin wannan gyara gwargwadon hali.

Wuri guda ne hankalina bai kwanta ba. Yaron nan gwani ne, shi ke kawo masu ɗinkin salla. Akwai irinsa da yawa waɗanda aikinsu matsakaici ne, kamar nawa da naku, kuma ƙarar rediyo tana cutarsu daidai yadda take cutarsa. Na ce wa telan: "Maigida, da yaron bai fi sauran iyawa ba, da ka kashe rediyon?" Ya daɗe bai ce komi ba, yana ta shafa yadi. Can ya ce in komo bayan salla.