Ƙwaya Ma Giya Ce

Duk faɗin ƙasar Gobir babu mai musun haramcin giya. Amma idan saurayi ya haɗiyi tramol kafin ya tafi gona a Isa, ko ya hau kabu-kabu zuwa Sabon Birni, sai a ce maganin gajiya ne. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa dalilin haramcin shi ne gushewar hankali, ko da wane suna aka kira abin. Aya ta 91 cikin Suratul Ma'ida ta ambaci gaba da barin salla, duka kuwa mun gani a gidajenmu: ɗa ya saci geron mahaifiyarsa, rana ta fito bai yi Asuba ba. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. To, mai shagon da ke miƙa wa yaro ƙwaya, kuma yana sahun gaba a masallaci, wane limami ya taɓa kiransa gefe?