Ranar da mai gudu ya zama mai kora

A shekara ta 1980 kamfanin Namco na ƙasar Japon ya fitar da wasan Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya tsara. Dogon akwati ne mai allo, sai an jefa masa kuɗin ƙarfe yake tashi. A kan allon, wata halitta rawaya mai ƙaton baki ce ke yawo cikin lunguna masu sarƙaƙiya. Aikinta ta cinye ƙananan ƙwayoyi 240, alhali dodanni huɗu na farautarta. Jan dodo sawunta yake bi, mai ruwan hoda kuwa gaba yake neman tare mata. Duk wanda ya taɓa ta, ta rasa rai guda.

Sai dai kusa da kusurwoyin nan huɗu akwai manyan ƙwayoyi. Da ta haɗiye ɗaya, lamari ya juye: dodanni su rikiɗe shuɗi, su ba da baya. Dodon farko da ta cinye maki 200 ne, na biyu 400, na uku 800, na huɗu 1600. Ladan ramuwa ninkawa yake yi, amma ƙarfin na daƙiƙa shida ne a matakin farko, daga mataki na 19 kuwa babu shi sam.

Nan tambayar take: me ya dace wanda aka daɗe ana kora ya yi ranar da iko ya faɗo hannunsa? Wani zai ce ramuwa haƙƙinsa ce. Wasan ma bai hana ba, har biya yake yi, kuma gwanaye ba sa barin makin. Amma mu dubi ƙa'idar da kyau. Dodon da aka cinye bai mutu ba: idanunsa ne ke komawa ɗakin tsakiya, ya sake fitowa da kamanninsa na da. Sa'annan cin dodanni, komai yawansa, ba ya buɗe mataki na gaba. Ƙare ƙwayoyi kaɗai ke buɗe shi. Sau da yawa ɗan koyo yakan bi dodo na huɗu har wa'adi ya cika, ya faɗa bakin wanda yake kora.

Magabata sun ce duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda mulki ya zo wa bayan wulakanci, a gida ne ko a gari, ƴan daƙiƙu aka ara masa. In ya ɓatar da su wajen bin tsofaffin maƙiya, zai sami tafi, amma aikin da aka jira daga gare shi yana nan zube, maƙiyan kuma suna hanyar dawowa.