Gargaɗi ga Masu Haɗa Intanet a Yola da Jimeta

Wata ɗabi'a tana yaɗuwa a tsakanin masu haɗa wa mutane intanet a Yola da Jimeta, kuma lokaci ya yi da za a ja musu kunne. Mai otal ko shugaban makaranta ko mai shagon kwamfuta zai kai kuka cewa kiran WhatsApp yana yankewa, murya tana zuwa a makare. Injiniya ya zo ya buɗe manhajar gwaji, ya nuna masa megabit 20 ko 50, ya ce: "Alhaji, ai layinka lafiya lau, in kana son sauƙi ka ƙara kuɗi a ƙara maka gudu." Bawan Allah ya biya, bayan mako guda ciwon yana nan inda yake. Ko dai injiniyan bai san aikinsa ba, ko kuma ya sani ya cuci mutum, kuma babu na zaɓe a cikin biyun.

Ga abin da ke faruwa. Duk saƙon da ka tura, yanka shi ake yi ƙananan fakiti. A inda layi ya ƙuntata, galibi a rauta ko modem, fakitin sukan tsaya a wata ma'ajiya su jira. Da ƙwaƙwalwar na'ura ta yi arha, sai kamfanoni suka riƙa faɗaɗa wannan ma'ajiya don kada fakiti ko ɗaya ya zube. Shi kuwa tsarin TCP da ke jigilar mafi yawan lodi, ƙara gudu yake yi har sai ya ga fakiti ya ɓace, a nan yake gane hanya ta cika ya sassauta. Babbar ma'ajiya tana ɓoye masa wannan alama, sai ya ci gaba da turowa har ta cika maƙil. Wanda ya taɓa maƙalewa a bakin gadar Jimeta ta kan Binuwai ya san tsawon layin motoci ba ya faɗaɗa gada, kuma mai Keke Napep ɗauke da mara lafiya a bayan tireloli zai tsaya.

Lissafin ba shi da wuya. Ma'ajiya mai kilobait 256 a kan layin da ke tura megabit ɗaya a sakan, idan ta cika, duk sabon fakiti sai ya jira kusan sakan biyu. Alhali ƙa'idar G.114 ta Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ce hira tana tafiya daidai ne idan jinkirin murya bai wuce milisakan 150 ba. Ku leƙa shagon kwamfuta lokacin rajistar JAMB: yaro ɗaya yana ɗora bidiyo a kusurwa, sauran kwamfutocin sun daskare, mai shago yana ɗaga waya sama yana cewa sabis ne. Haka ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama ko na Jami'ar Amurka ta Najeriya (AUN) da ke bin darasi ta bidiyo a gidan haya, ana cikin bayani hoton malam ya tsaya cak saboda wayar maƙwabcinsa tana kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar Google.

Kada a fake da nisan Adamawa. Gaskiya ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Equiano a Legas suka sauka, amma haske a cikin fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Ko da wayar ta kai kilomita 1,500, tafiyar ba ta kai milisakan 10 ba. Jinkirin sakan biyu galibi a cikin ɗakinku aka haife shi.

Cutar kuma ba sabuwa ba ce. A 2010 Jim Gettys, injiniya a Bell Labs ta Amurka, ya gano ta a layin gidansa, ya raɗa mata suna Bufferbloat, wato kumburin ma'ajiya. Shi da marigayi Dave Täht suka kafa gangamin wayar da kan masana'antar a 2011. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da CoDel, dabarar da ke duba daɗewar fakiti a layi ta rage cunkoso tun bai yi tsanani ba. A shekarar ne dabarar FQ-CoDel ta shiga manhajar Linux, tana ba kowane saƙo layinsa, ta yadda ɗan fakitin murya ba zai jira ƙaton bidiyo ba. Wata dabarar mai suna CAKE ta biyo baya a 2018. Duka kyauta ne. Rautar MikroTik da ta cika hannun masu sana'ar nan tana da su a RouterOS 7, haka ma manhajar rauta ta OpenWrt. A kunna, a saita iyakar gudu ƙasa kaɗan da ainihin ƙarfin layin, shi ke nan. Magani ya haura shekara goma a fili, wanda bai koya ba shi ya so.

Saboda haka, injiniyoyi ku ji tsoron Allah, kada ku sake karɓar kuɗin ƙarin gudu ba ku auna jinkiri ba. Kamfanonin waya ku gyara ma'ajiyoyin da ke hasumiyoyinku, domin ƙarfin layin wayar hannu hawa da sauka yake yi, rautar gida ba za ta iya ita kaɗai ba. Ya kamata Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC) ta sa jinkiri a lokacin lodi cikin ma'aunin da take bayyana wa jama'a. Malaman kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa da jami'o'inmu su koya wa ɗalibai wannan kafin su fita kasuwa.

Kai kuma mai saye, Fast.com da Speedtest duk suna nuna jinkiri iri biyu, na lokacin da layi yake hutawa da na lokacin da yake ɗauke da kaya. Idan na biyun ya ninka na farkon sau da yawa, kada ka ƙara ko kwabo sai an gyara maka rauta.