TARON ƘARSHE NA MAZAN JIYA: A BIYA HAƘƘI TUN MAI SHI NA DA RAI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya yanka wa kowane rai ajalinsa, Ya kuma ɓoye masa ranar. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Wa'azinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wani taro da aka yi a ƙasar Faransa ranar 15 ga watan Agusta 2024. An yi shi a maƙabartar soji ta Boulouris, a kudancin ƙasar, inda sojoji 464 suke kwance, domin cikar shekara 80 da saukar rundunonin ƙawance a gaɓar tekun Provence, lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi jawabi, shugaban Kamaru Paul Biya shi ma ya yi. Amma waɗanda aka taru dominsu, wato tsofaffin sojojin da suka yi wannan yaƙi da jikinsu, ƴan tsiraru ne suka rage. Lissafin ba shi da wuya. Saurayin da ya sauka daga jirgin ruwa yana ɗan shekara 18 a 1944, a ranar taron yana da 98. In za a sake irin wannan babban taro a 2034, sai ya kai 108. Saboda haka duk mai hankali ya san cewa ga mafi yawansu wannan shi ne taron ban kwana.

Su wane ne waɗannan mutane? Rundunar Faransa da ta shiga ta Provence ƙarƙashin Janar de Lattre ta kai wajen mutum 250,000, kuma mafi yawansu daga nahiyar Afirka aka ɗebo su, daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya da ƙasashen baƙar fata, da yawansu Musulmi. Su ne suka taimaka aka ƙwato biranen Tulon da Marsai daga hannun Jamus kafin ƙarshen wannan wata na Agusta. Sojojin baƙar fata, da sunan ƙasar Senegal ake kiransu tun da aka kafa rundunarsu a 1857, alhali daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ake kwaso su, har da ƴaƴan wannan ƙasa tamu. Da yawansu ba da son ransu suka tafi ba: kwamandan ne ke yanka wa sarki adadin samari, sarki ya yanka wa masu gari. Danginmu na Najeriya kuma Ingila ta kai su yaƙin Boma. Bayan an gama da Hitila aka kai wasu Indoshin, aka kai wasu Aljeriya, kamar yadda ya faru ga marigayi Janar Seyni Kountché a ƙuruciyarsa. Su ne muke ce wa mazan jiya.

Mu da muka taso a ƙarshen shekarun 1980 mun riski ragowarsu. A unguwarmu suna da majalisa a gindin wani dogon yaro, suna zama bayan sallar la'asar suna labarin teku da dusar ƙanƙara da abokan da aka bizne a ƙasar da ba a san sunansu ba. Muna yara, dariya muke yi musu in suka ɓarke da Faransancin bariki, muna kwaikwayon ɗingishin ɗayansu, ba mu san harsashi ne ya bar shi haka ba. Allah Ya yafe mana. Majalisa ta yi ta raguwa, yau a kai wannan, baɗi a kai wancan, har saura mutum guda, wanda mu muka yi masa salla bayan an ba mu limanci. Kafin rasuwarsa ya gaya mana cewa abin da ya fi yi masa zafi a tsufa shi ne babu sauran wanda zai dafa ya ce masa: ka tuna? Ya ce kuma ranar da suka yi zamansu na ƙarshe, babu wanda ya san na ƙarshe ne, sun watse kamar kullum da cewa sai gobe.

Ya bayin Allah, mu dubi yadda aka yi da haƙƙin waɗannan mutane, domin a nan darasin yake.

Ranar 1 ga watan Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Aka buɗe musu wuta. Hukumar soji ta ce mutum 35 suka mutu, a 2014 shugaba François Hollande ya ce aƙalla 70, wasu masana tarihi kuma suna cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. A ƙarshen 1959 aka yi doka aka daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun ƴancin kai, ya zamana Bafaranshe da ɗan Afirka da suka kwana rami guda, na ɗaya yana hawa kowace shekara, na ɗaya yana tsaye wuri guda. Ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai a farkon 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna cikin kabari. Ga kuma labarin Abdullahi Ndiaye na ƙauyen Thiowor a Senegal, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani cikin sojojin baƙar fata da ake kira da sunan Senegal na yaƙin 1914 zuwa 1918. An shirya a rataya masa babbar lambar girma ta Faransa ranar 11 ga watan Nuwamba 1998. Ya rasu ranar 10 ga wata, yana da shekara 104. An yi jinkirin shekara 80, sannan aka makara da kwana ɗaya.

Wannan shi ne ihu bayan hari. Musulunci kuwa bai yarda da shi ba. Annabi (S.A.W.) ya yi umurni a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba. Ya sanar da mu cewa jan rai da mawadaci ke yi wajen biyan abin da ke kansa zalunci ne. Kuma a hadisin da Buhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci cikakken aikinsa, sannan ya hana shi lada. Wanda Allah ne abokin husumarsa, wa zai tsaya masa?

Kada wani ya ce muna kwatanta sojojin Nasara da sahabban Manzon Allah. Allah Ya tsare. Waɗancan sun yi yaƙi ne domin ɗaukaka kalmar Allah, waɗannan kuwa an kai su yaƙin da ba nasu ba, wasu ma an sa su sun ɗaga bindiga a kan mutanen da ke neman ƴancinsu. Hukuncin kowane ɗayansu yana wurin Wanda Ya san niyya kuma Ya san tilas. Abin da muke so mu gani shi ne yadda magabata suka riƙe tsofaffin da suka ba da ƙarfinsu. Da Sayyidina Umar (R.A.) ya kafa littafin rabon baitulmali, ya yanka wa kowane ɗaya daga mutanen Badar dirhami 5,000, ya fifita su a kan waɗanda suka zo bayansu, kuma suna raye suka karɓa. Masu tarihi sun ruwaito cewa Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya yi wasiyya a ba kowane wanda ya rage daga mutanen Badar dinari 400 daga dukiyarsa. An kuma ruwaito cewa Umar ya tarar da wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya kama hannunsa, ya sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali aka ɗauke masa jiziya, domin a ganinsa ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum sannan a yar da shi da ya tsufa. Wannan ga wanda ba Musulmi ba ke nan. To ina ga wanda muke sahu ɗaya da shi?

Ya ku ƴan'uwa, zagin Faransa a kan wannan abu ne mai sauƙi, kuma ta yi abin zargi. Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Kowane gida a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai yana da nasa mazan jiya. Uban da ya ƙare ƙarfinsa a gona da ci-rani domin mu yi karatu, yau yana zaure shi kaɗai, mu wuce shi da gaisuwar tsaye. Uwar da ta yi daka da ɗaukar ruwa har bayanta ya ranƙwafa. Malamin allo da ya koya mana Fatiha, da ladanin da ya shekara talatin yana tashin gari, wa ya san abin da suka ci jiya? Mai gadi da baran gida da suka tsufa a ƙofar alhaji, ranar da ƙarfi ya ƙare sai a sallame su da na goro. Gadon da aka ƙi rabawa har gwauruwa da marayu suka gaji da zirga-zirga. Kuma a shekarun nan sojojinmu da dama sun faɗi a Diffa da Tilaberi, sun bar mata da ƙananan yara a cikin unguwanninmu. Wa ya leƙa su bayan an watse daga zaman makoki? Mun iya hidima in mutum ya mutu: a kafa rumfa, a dafa abinci, a yi ta yabonsa. Da rabin abin da aka kashe a ranar an saya masa magani yana raye, da ya sa mana albarka da bakinsa. Me ya raba mu da wanda ya kawo lamba bayan an rufe kabari? Annabi (S.A.W.) ya sanya girmama Musulmi mai furfura cikin girmama Allah, kuma furfura a kan mai rai ake ganinta.

Akwai wani ban kwana da ya kamata kowane Musulmi ya sani. An yi yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, Musulmi 70 suka yi shahada, cikinsu har da Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Uƙubatu ɗan Amiru (R.A.) ya ba da labari cewa bayan shekara 8 Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa shahidan Uhudu addu'a kamar mai sallama da rayayyu da matattu. Sannan ya hau mumbari ya sanar da sahabbai cewa shi zai riga su, kuma shi mai shaida ne a kansu, mahaɗarsu da shi kuwa ita ce bakin Tafki. Ya nuna musu cewa abin da yake tsoro a kansu shi ne duniya, kada su yi ta rige-rige a kanta. Uƙubatu ya ce wannan ne ganinsa na ƙarshe da Manzon Allah. Ku duba, bai manta da waɗanda suka faɗi tare da shi ba, bai kuma bar waɗanda suka rage babu alkawarin sake haɗuwa ba.

Kowane taro na duniya raguwa yake yi, har ya koma mutum ɗaya, har ya koma babu. Wannan sahu namu na Juma'a ma haka yake: ku tuna waɗanda muka yi azumin bara da su. Amma akwai taron da babu mai fashi, inda janar da ƙaramin soja, da sarkin da ya ba da samari da samarin da aka bayar, da mai gida da baransa, za su tsaya wuri guda. A can ba a biya da jika ko dala. Annabi (S.A.W.) ya bayyana mana cewa matsiyacin gaskiya shi ne wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya zagi wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a jibga masa.

Saboda haka muna roƙon kowane mai karanta wannan takarda, kada Juma'a mai zuwa ta riske shi bai yi abu uku ba. Na farko, ya zauna ya lissafa wanda ke bin sa haƙƙi, na kuɗi ko na aiki ko na gado, ya fara biya ko da kaɗan ne, ya nemi afuwa a kan saura. Na biyu, ya je wurin wani tsoho na gidansu ko na unguwarsu, ya zauna ƙasa, ya saurare shi har ya gama, ya kuma tafi da ƴaƴansa su ji. In akwai ragowar mazan jiya ko matansu a garinku, a fara da su. Na uku, wanda ke gaba da ɗan'uwansa ya je su shirya, domin babu wanda aka ba takardar sanarwa cewa wannan haɗuwa ita ce ta ƙarshe. Muna kuma kira ga kwamitocin masallatai su rubuta sunayen gajiyayyu da gwauraye da marayun unguwa, a ware musu kaso sananne daga zakka da sadaka, a kai musu har gida ba tare da sun roƙa ba.

Ya Allah Ka gafarta wa iyayenmu da kakanninmu Musulmi, waɗanda suka kwanta a ƙasarsu da waɗanda aka bizne a ƙasashen nesa. Ka ba tsofaffinmu lafiya da kyakkyawan ƙarshe. Ka ba mu ikon sauke haƙƙin bayinKa tun muna numfashi. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka ba mu damina mai albarka, Ka haɗa mu da AnnabinKa a bakin Tafki. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.