Mage, Kafet da Buhu

A daminar bara na saka magen gidanmu a buhun shinkafa, na ɗaure bakinsa, na ɗora a bayan babur, na kai ta can bayan kasuwar Dawanau na kwance. Laifinta guda ne: ta mayar da kusurwar falonmu makewayi. Har yau ban gama juya maganar a raina ba.

Ba don ado muka kawo ta ba. Ɓeraye ne suka addabe mu a sito, ga shi kuma duk rani da bakina nake karanta sanarwar zazzaɓin Lassa a rediyo, ana gargaɗin jama'a su rufe abinci. Mage ta yi aikinta, cikin wata biyu sito ya yi tsit. Daga nan zarni ya fara.

Uwargida ta wanke wurin da omo, ta zuba Dettol, ta bi shi da turaren wuta irin na mutanen Maiduguri. A yi kwana biyu lafiya, da hadari ya haɗo sai zarnin ya taso sabo fil, ya cakuɗu da ƙamshin, abin ya fi na farko muni. Akwai dalili. Kakannin mage dabbobin busasshiyar ƙasa ne, jikinsu ya saba tattalin ruwa, shi ya sa fitsarinta yake da kauri. In ya bushe yana barin wani gishiri-gishiri da ruwa ba ya narkarwa da sauƙi, ya maƙale a soson kujera da ƙasan kafet, danshi ya riƙa tayar da shi. Abin da ya ɗan rage mana shi ne ruwan khal da aka surka, da barbaɗa bekin soda, da shanya a rana mai zafi. Wanda zai gwada, kada ya zuba Hypo a kan fitsarin, haɗuwarsu tana fitar da iskar da ke cutar da huhu.

Da yake a kan kafet ɗin iyalina ke salla, na kai wa malaminmu tambaya. Ya mayar da ni karatun Ahalari da muka yi muna yara, littafin nan na malamin Aljeriya da kusan kowane ɗan makarantar zaure ya bi ta kansa: in ka san inda najasa ta taɓa ka wanke wurin, in ya rikice maka ka wanke duka. Ya ƙara da abin da ya ba ni mamaki. A mazhabar Malikiyya fitsarin akuya da tunkiya mai tsarki ne, muddin ba ƙazanta suke ci ba, duk da hamamin da kowa ya sani. Na mage najasa ne, amma in an wanke shi da ruwa tsarkakakke, launi ko warin da ya gagara fita ba ya hana salla. Wato abu yana iya wari yana da tsarki. Da na kawo wa uwargida wannan bayani, cewa ta yi, "Baban Ummi, hancin baƙi ba ya zuwa makarantar zaure."

Gaskiya ta faɗa, kuma a nan nake kama kaina. Addini ya riga ya sauƙaƙa mini, ba shi ya sa ni ɗaukar buhu ba. Kunya ce. Surukaina za su zo a makon, ba na son a shigo falona a yatsine fuska. Ba na raina kunyar nan, ita ce ke sa mu share ƙofar gida da safe, kuma baƙo yana da haƙƙin zama a wuri mai daɗi. Matata ma da ke durƙusawa da buroshi kullum tana da haƙƙin ta gaji. Abin da ke damuna shi ne a kan wa na sauke kuɗin kunyar tawa.

Hajiya ce ta fara ɗaura mini wannan tambaya, ba tare da ta yi niyya ba. Da ta ji labari sai ta ce, "To kai ɗan nan, ina ka bar mata ta yi?" Na duba tsakar gidana: tayil a ɗaki, siminti a waje, intalok har bakin get. Ko tafin hannu na ƙasa babu. A gidan da na tashi a cikin birni, tsakar gida ƙasa ce, mage ta tona ta binne, wa ya taɓa jin ɗuriyarta? In ma an samu jiƙa, a kwashe yashin wurin a zuba sabo. Mu muka shafe ƙasar don kada ƙafarmu ta yi ƙura, muka kawo dabbar da ɗabi'arta binnewa ce, muka rufe get. Kafet shi ne abu mafi kama da yashi da ta samu.

Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A kan hanyar Dawanau da shi na riƙa lallashin kaina, ina cewa ni ai sakinta zan yi. Amma magen da aka raina da kan kifi da romon tukunya, aka jefar da ita a unguwar da ba ta sani ba, tsakanin karnuka da tireloli, sakinta aka yi? Mai yiwuwa ta rayu, kasuwar hatsi ba ta rasa ɓera, da gangan ma na zaɓi wurin. Wannan dabarar tawa ita ta nuna mini cewa tun kafin in tayar da babur na san akwai abin da ba daidai ba.

Na koma wurin sau biyu, ban gan ta ba. Ummi ta daina tambaya bayan mako guda. Ɓeraye sun dawo da kaka, kuma maƙwabcinmu ya yi mana alkawarin 'yar mage in tasu ta haihu. Na sa an kawo baro ɗaya na yashi, na ajiye tsohuwar roba a bayan kicin. Kafet ɗin yana nan, ban samu kuɗin canja shi ba tukuna, kuma bana da ruwan Agusta ya zauna kusurwar nan ta sake tasowa.