Tuwo a Rumfar da Ake Sayar da Burkutu

Jama'a, ga tambayar da fatakenmu ke yawan yi. Mutum ya bar Gombe da asuba, ya nufi kasuwar ƙauye wajen Billiri ko Kaltungo. Azahar ta yi, yunwa ta ci shi, rumfar da ke da tuwo mai zafi kuwa tulun burkutu na gefenta. Ya zauna ko ya wuce?

Tuwon dai halal ne, dawa ce da miyar kuka. Nama kam sai an tambayi wanda ya yanka. Matsalar a zaman take, domin hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya hana mumini zama inda ake zagayawa da giya. To, a saya a ƙulle a leda, a koma inuwar mota a ci. Kuma kar mu yi wa masu rumfar kallon banza, da su muke ciniki shekara da shekaru.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Da me ake dafa burkutun? Da dawa. Mu da muke ƙyamar bencinsu, wani lokaci mu ne ke auna wa mai dafawar buhu a Tudun Hatsi, alhali mun san inda za ta kai shi. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Wanda bai sani ba, ba a ce ya bi diddigi ba. Wanda ya sani fa, Alhaji, ga ta kuma lakadan take biya?